Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sayen tayar A/T

Gaskiya na gaji da ganin mutum ya sayi a-kori-kura ko jif, sati bai zagayo ba ya je ya ɗora mata manyan tayoyi masu haƙora irin A/T, wato waɗanda aka yi don kwalta da hanyar daji duka, don kawai ta yi kwarjini, bayan wata biyu ya dawo yana kukan mota na shan mai, tana gurnani a kwalta, sitiyari ya yi nauyi. To me kake tsammani?

Babban kuskuren shi ne rashin karanta lambobin gefen taya, kuma wannan ya taɓa cin kuɗina sosai shi ya sa nake zafi a kai. Idan ka ga 265/70R17 115T, 265 faɗin taya ne a milimita, 70 tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin, 17 girman rim a inci. Kowa a nan yake tsayawa, alhali 115 ɗin nan ita ce ranka. Ma'anarta taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,215, in ka sauko zuwa 110 kilo 1,060 ne kawai, ka lissafa sau huɗu ka ga abin da ka zubar. T kuma iyakar gudu ce, kilomita 190 a awa, S 180, Q 160. Mai sayarwa zai ce maka ai saiz ɗaya ne oga, eh saiz ɗaya ne amma ƙarfi ba ɗaya ba, ka loda kaya ka hau titi da rana tsaka taya ta ɗau zafi ta kumbura a gefe ko ta fashe kana kan gudu. Buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin, kar ka taɓa sayen abin da ya gaza lambar da ke wurin. Ko kyauta aka ba ka.

Sai masu wuce gona da iri, sun ji an ce tayar LT, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, ta fi ƙarfi sai su ɗauko mai harafin ƙarfi E, wadda ake cewa fulayi goma, su sa wa jif ɗin da ba ta ɗaukar komai sai yara da jakar makaranta. Tayar nan nauyi ne da ita, gefenta tauri, kowane rami sai ka ji shi a ƙugunka, shoka ma wahala take sha. Ni in ba tirela nake ja ba ko lodi kullum, mai harafin C, wadda ba ta kai E tauri ba, ta ishe ni. Kuma LT ta fi tayar P, wato ta motar fasinja, buƙatar iska kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, da yawa ba su san haka ba.

Na biyu da ke ɓata min rai shi ne ƙara girma ba lissafi. Haba jama'a! Daga 265/70R17 ka tsallaka 285/75R17 tsayin taya ya ƙaru kusan kashi 7 cikin ɗari, agogo na nuna maka 100 kai kuwa kana wajen 107, maleji ya daina faɗin gaskiya, burki ya ƙara nisa kafin ya tsaya, giya na jan nauyin da ba a yi ta don shi ba, in ka karya sitiyari har ƙarshe taya na gogar jikin mota. Sannan safaya ka bar tsohuwar ƙarama a ƙasa. Wani da na sani haka ya yi, ya samu faci ya ɗaura ƙaramar ya ci gaba da tafiya mai nisa da 4WD a kunne, wato tayoyi huɗun duka na ja, daga baya sai da aka sauke masa akwatin giyar gaba ɗaya. Tayoyi huɗu dole su zama tsayi ɗaya, ni biyar nake saya lokaci guda kuma ina juya su duka da safayar.

Tayar M/T kuwa ta taɓo ce, in yawancin tafiyarka kwalta ce bar ta, ƙara gare ta kuma ba ta kama jiƙaƙƙen titi kamar A/T.

Duba shekarar taya. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya, 2321 na nufin sati na 23 a 2021, roba na tsufa ko a ajiye take, ni wadda ta haura shekara biyu a sito ba na ɗauka.

Kar suna ya ruɗe ka, BFGoodrich KO2 da Falken Wildpeak da Toyo Open Country duk tayoyi ne na kirki amma kowacce tana zuwa da ƙarfi kala-kala a saiz ɗaya.

Lambar iskar da aka rubuta a gefen taya iyaka ce, ba ita za ka ce wa mai faci ya sa ba. Ka sayi gejinka, ka auna da safe kafin mota ta motsa. In ka rage iska don shiga yashi dan Allah ka mayar kafin ka hau kwalta, kuma ranar da aka ɗaura sababbi a yi balansin da alaimen a ranar, in ba haka ba gefe ɗaya zai cinye tun haƙoran tsakiya na nan sabbi.