Kafin ka biya kuɗin batirin sola, ɗaga shi tukuna

Batirin da na fara haɗa wa solar shagona a Anguwan Rogo, a nan Jos, na babbar mota ne, araha ta ja ni. Bai kai wata biyar ba ya kwanta. An ƙera batirin mota ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙoƙi a tayar da inji, farantan dalmar cikinsa sirara ne. Na sola masu kauri ne, shi ya sa yake jure a yi ta tsotsarsa duk dare, rana ta fito ta cika shi.

Fara da lissafi, tun kafin ka nufi kasuwar Terminus. Batir mai 200Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne) a kan bolt 12 yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya, amma in na dalma ne, rabi kawai naka. Kana wuce rabin kullum, kana rage masa kwana. Ni fanka biyu gare ni, ƙwan fitila biyar da talabijin, duka wat 250. Awa biyar, na cinye rabona, inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ita ma tana shan nata. In akwai firji a lissafinka, batir ɗaya ba zai kai ka asuba ba.

A shago kada fenti da rubutun jiki su ruɗe ka. Ce a ɗora shi a sikeli. Na dalma mai 200Ah na gaske yana kai kilo 60 ko kusa da haka. Wanda yaron shago ya sunkuta shi kaɗai yana murmushi, bar musu kayansu. Sannan a sa mita a gabanka: cikakke da ya huta yana nuna 12.6 zuwa 12.8. Ka ga 12.1, ya daɗe a ajiye ba caji.

Ni na dalma mai ruwa da ake kira tubula na zaɓa, don yana da haƙuri. Sharaɗinsa ka riƙa duba ruwan, ka ƙara masa tataccen ruwan batir. Ban da na rijiya, ban da na leda. Ka kuma ajiye shi inda iska ke shiga. Rufaffen, wanda ba a zuba wa ruwa, ya fi tsabta a ɗaki, sai dai zafi na kashe shi da wuri. Mu a Jos sanyi ya rufa mana asiri. Ƙanena da ke Abuja ya riga ni canji. Namu ciwon hadarin Agusta ne, batir ya kwana uku bai cika ba, a lokacin nake kashe fanka ɗaya.

Mai hali ya sayi litiyam: ana cin kashi 80 cikin ɗari nasa ba ya jin komai, ga rashin nauyi, don haka gwajin sikeli ba nasa ba ne.

In inbatarka mai bolt 24 ce, sayi masu bolt 12 guda biyu rana ɗaya, iri ɗaya. Ka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai janyo sabon ƙasa.