Kafin ku sayi tsohuwar Marsandi

'Yan uwa masu son E-Class ta 2003 zuwa 2006, don Allah kar ƙyallin fenti ya ruɗe ku. Ku je da sassafe kafin dillali ya ɗumama inji, ku tayar da kanku ku kalli hayaƙi, in shuɗi ne to tana cin baƙin mai kenan. Mita kuwa ban yarda da ita ba, ana mayar da ita baya, ni sitiyari da kujerar direba nake dubawa, in sun siɗe ta ci hanya. Sannan ku tafi da mai kwamfuta ya duba birkin SBC ɗin nan, wato birkinta mai aiki da kwamfuta da famfon lantarki, nawa famfon wata 2 da saye ya mutu, wallahi na sha yawo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kafin na samu na Beljiyam.