Yadda zaka bi sawun kifin sadin ta hanyar karanta yanayin teku

Yawancin masu fara wannan aikin kuskure ɗaya suke yi, su buɗe taswirar zafin teku ta rana ɗaya, su ga wuri yayi ja su ce ai kifi ya gudu daga nan, shikenan wai sun gama bincike. Wallahi abin yana damuna, don ba haka ake yi ba.

Da farko ka zaɓi gaɓar teku ɗaya ka tsaya a kanta. Ni dai kullum cewa nake a fara da Afirka ta Kudu, don can abin yafi fitowa fili. Tsakanin Mayu da Yuli sadin ke tasowa daga yankin Agulhas da ke can kudancin ƙasar su bi gaɓar gabas har lardin KwaZulu-Natal, kuma sai ruwan bakin gaɓa ya sauka ƙasa da digiri 21 suke wannan tafiya, a 2003 ma ko ƙeyarsu ba a gani ba.

Sai ka sauko da bayanan tauraron ɗan adam daga NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, ko Copernicus, shirin Tarayyar Turai na sa ido kan duniya, kyauta ne, kar ka biya kowa. Amma ka yanko yankinka kawai, in ka ce duk duniya zaka sauke datarka ce zata ƙare a banza.

Toh ga inda ni na sha wahala. Taswira iri biyu ce, akwai mai nuna zafin ruwan yau, akwai mai nuna bambancin yau da abin da aka saba gani a wannan watan tsawon shekaru. Ta biyun ita zaka riƙe. Na yi makonni ina zuba ido a ta farkon, ina ganin digiri 22 ina cewa ai lafiya lau, ashe a wannan wurin a wannan watan ruwan ya ɗara yadda ya saba, kifin kuma tuni ya ja baya ko ya nutsa ƙasa inda yafi sanyi. Sannan akwai jinkiri, babban kifi yana iya ƙaura cikin kwanaki, amma ɓarnar da zafi ko ƙarancin abinci yayi wa ƙwai da 'ya'yan kifi sai bayan shekara ɗaya ko biyu zata bayyana a cikin raga. Don haka in kana haɗa zafin bana da kamun bana kaɗai, zaka rantse babu alaƙa alhali tana nan, ka gwada zafin bara da na bara waccan.

Daga nan ka duba iska. Ita ke ture ruwan sama daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso da sinadaran da ke ciyar da ƙananan halittun da sadin ke ci, a taswirar launin teku zaka ga wurin yayi kore. A Ghana wannan tasowar ruwan sanyin tafi ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba, haka gaɓar Senegal da Muritaniya da Maroko duk da ita suke rayuwa, kuma dangin sadin na can suna ta matsawa arewa yayin da ruwa ke ɗumi.

Sauran kuma ka sa alama a shekarun El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke jirkita yanayin duniya, irin 1997 da 1998, ka jera aƙalla shekara 20 ba 5 ba. Kuma ka nemo yawan jiragen da suka fita kamu, don sadin Kalifoniya da ya durƙushe wajen 1950 sanyin ruwa ne ya haɗu da kamun wuce gona da iri.