Tara tsofaffin motocin lori na wasa: juya ta ka duba ƙasanta kafin ka biya

Idan aka miƙo maka tsohuwar motar lori ta wasa, irin ta zubin ƙarfe, idonka zai fara sauka a kan fenti. Ni nakan bar fentin sai daga baya. Abin da nake fara yi shi ne in kifa ta a tafin hannu in karanta abin da ke ƙasanta: sunan kamfani, ƙasar da aka ƙera ta, wani lokaci har da lambarta. Sai in dubi ƙusoshin da suka haɗa bodi da farantin ƙasa. Rabin abin da kake son sani yana nan, kuma nan ne wurin da mai yi wa mota kwaskwarima ya fi kasa ɓoye aikinsa.

Motocin nan narkakken ƙarfe aka ɗura a mazubi da ƙarfin inji. Ƙarfen kuwa tutiya ce da aka gauraya da alminiyam kimanin kashi 4 cikin ɗari da ɗan abin da ba a rasa ba na wasu ƙarafa. A Ingila mazak suke ce masa, a wasu ƙasashen zamak. Sunaye uku za ka fi cin karo da su. Dinky na kamfanin Meccano da ke Liverpool, wanda ya fara amfani da wannan suna a 1934 kuma aka rufe masana'antarsa a 1979. Matchbox na kamfanin Lesney da ke Landan, daga 1953. Sai Corgi na kamfanin Mettoy, da aka riƙa ƙerawa a Swansea daga 1956. Akwai Spot-On da Tri-ang ya yi a Belfast tsakanin 1959 da 1967, akwai Tekno na Danmak, akwai Dinky na Faransa mai nasa zubin daban.

Shawarata ta farko: kada ka ce duka za ka tara. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Zaɓi layi ɗaya, ko kamfani ɗaya, ko zamani ɗaya, ko nau'in mota ɗaya kamar tankoki ko tifofi, ka san shi ciki da bai. Ko don kyan gani a kan kanta ma hakan ya fi, saboda girmansu ba ɗaya ba ne. Spot-On duk a ma'aunin 1:42 aka yi su (wato motar gaske ta ninka ta wasan sau 42 a tsawo), manyan motocin Dinky suna wajen 1:48, ƙananan Matchbox kuwa an auna su ne da kwalinsu, shi ya sa za ka ga lori da ƙaramar mota tsawonsu kusan ɗaya. Ni dai zuciyata tana kan Dinky Supertoys da suka fito a 1947, musamman kwaikwayon lorin kamfanin Foden mai taya takwas da kuma na kamfanin Guy. Nauyinsu a hannu kaɗai ya isa ya sa mutum ya so su.

Da ka zaɓi layi, sai ka koyi bambance-bambancen cikinsa. Kan direban Foden ɗin nan iri biyu ne: na farko, daga 1947, yana da zane a gefensa, na biyu ya zo a 1952 da gaba mai ɗan zagaye. A 1954 an sake wa motocin lamba, Foden mai lamba 501 ta koma 901. Saboda haka idan ka ga mota mai kan farko a cikin kwali mai lambar 901, akwai tambayar da ya kamata mai sayarwa ya amsa. Gilashin taga ma shaida ne. Corgi da shi ya yi tallar kansa tun 1956, Dinky bai fara saka shi ba sai 1958. A ƙananan Matchbox tayoyi ne ke faɗin shekaru: na ƙarfe ne na farko, sai na roba masu ruwan toka, sai baƙaƙe, sannan siraran Superfast a 1969, bayan motocin wasa na Hot Wheels sun shigo kasuwa sun tayar wa kowa hankali.

To mu koma kan ƙusoshin nan. A masana'anta, wani ɗan tsini ne ke fitowa daga bodin ya ratsa farantin ƙasa, inji ya murza kansa ya baje shi. Kan yakan fito sumul, zagayensa daidai, launinsa ya dushe da tsufa kamar sauran ƙarfen. Wanda zai sake fenti dole ya huda wannan kai kafin ya raba motar. Idan ya gama, ko ya ɗaura sukuru, ko ya manna sabon kan ƙusa da gam. Sabon kan yana ƙyalli, sau da yawa yana zaune a karkace, wani lokaci ka hango busasshen gam a gefensa. Haka bakin sandar da ke riƙe tayoyi: idan ka ga sawun filaya ko alamar an goge shi da zarto, an taɓa cire tayoyin.

Sai yanzu nake duban fenti. Fentin asali gasa shi aka yi, yana da tauri, kuma yana ɓarewa ne a inda hannun yaro da dandamali suka fi cin sa: saman kan direba, kusurwoyin bodi, bakin madigadi. Motar da ta shekara saba'in ba tare da ko ɗigon ƙwarzane ba tana iya zama ta gaske, amma irinta ba ta da yawa, kuma kusan kullum da kwalinta take zuwa. Sabon fenti yakan yi kauri ya cike siraran layukan ƙofa da ragar gaba. Kai ta hanci ma, wani lokaci warin fentin bai gama fita ba. Inda aka ɗan taɓa da burushi don rufe tabo, ƙaramar tocila mai hasken UV tana tona shi a ɗaki mai duhu, domin sabon wurin da tsohon ba sa haske iri ɗaya. A wurina motar da ta sha wasa da fentinta na asali ta fi wadda aka wanke da sabon launi daraja, kuma masu saye a gwanjo ma haka suke auna su. Gyararriyar mota ba laifi ba ce, muddin an faɗa maka gyararriya ce kuma kuɗinta ya nuna hakan.

Inda aka fi yin cuwa-cuwa shi ne motoci masu talla a jiki. Guy mai rufaffen bodi ta fito da sunayen kaya daban-daban: Slumberland, Lyons, Spratt's, Weetabix. Ta Weetabix da ta Lyons sun yi ƙaranci, kuma ana buga sababbin tambarinsu ana sayarwa a fili don masu gyara. Sai a ɗauki wadda ta fi yawa, a kankare, a fesa launi, a manna tambari. Tsohon tambari yana ɗan rawayawa, gefensa na iya tsattsagewa. Sabo fari fat yake. Akwai kuma kwafin Dinky da kamfanin Atlas ya fitar da lasisi a shekarun baya-bayan nan. Suna da kyau, amma a ƙasansu an rubuta Mattel, kamfanin da ya ba da lasisin, da kuma cewa a Sin aka yi su. Wanda bai kifa motar ba shi ake sayar wa da su a matsayin tsofaffi.

Akwai cutar da ba ta da magani. Idan dalma ta gurɓata tutiyar tun wajen narkawa, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura, ya tsattsage kamar busasshen taɓo, daga ƙarshe ya marmashe. An fi ganin ta a motocin da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, irin jerin lorin Dinky masu lamba 25. Sa gilashi mai ƙara girma ka duba wili da shasi. Siririn tsagu, ko bodin da ya lanƙwashe ba tare da alamar faɗuwa ba, ya isa ka janye hannu, sai dai idan kana son ta ne don tarihi kawai. Laima tana hanzarta lalacewar.

Kwali na asali yana iya ninka darajar mota, shi ya sa shi ma ake buga na jabu. Buɗe ka dubi cikinsa. Tsohon kwali ya yi duhu, ya yi laushi a kusurwa, sau da yawa akwai inda wili ya goga masa baƙi.

Idan ta intanet za ka saya, nemi hoton ƙasan motar, da na ƙusoshin daga kusa, da na kowane gefe a hasken rana. Mai sayarwar da ya aiko hoton gaba kaɗai ya ce sauran ma haka suke, bar masa kayansa. Kuɗin da aka sayar da irinta a gwanjon baya shi ne ma'auninka. Abin da wani ya rubuta yana nema buri ne kawai.

Da ta iso hannunka, burushi mai laushi ya ishe ka kaɗe ƙura. Inda datti ya kama, ɗan auduga mai danshi kaɗan, kuma kada ka kai shi kan tambari, ruwa yana ɗaga shi. Kada tina ko fetur su kusance ta. Tayar roba da ta bushe ana samun madadinta. Jiƙa sabuwar a ruwan ɗumi ta yi laushi kafin ka saka, tsohuwar kuma ka adana ta tare da motar, ka rubuta a takarda cewa ka canza. A manyan Matchbox na King Size za ka ga taya tana zamewa daga wili, robar wilin ce ta tsuke da tsufa, ba wani ya lalata ba, kuma kada ka manna ta da gam. Ajiye su a kabad mai gilashi nesa da taga, don rana tana cinye jan launi da sauri, tana koɗe kwali. Wadda za ka naɗe, naɗe ta da farar takarda marar asid. Tawadar jarida tana kama fenti.