Kafin ku ce "mun amince": yadda ake gwada shawara a ƙungiya

Wannan bayani na masu riƙe da ƙungiya ne, ta manoma ce, ta 'yan kasuwa, ko kwamitin masallacin unguwa. Ni sakatare ne a wata ƙungiyar manoman rani a nan Sakkwato, albasa muke yi da ɗan tattasai, kuma littafin taro yana hannuna. Mai rubuta abin da aka yanke shi ne yake komawa bayan shekara ya ga inda aka nufa da inda aka dira. Shawarwarin da na ga sun fi ɓata wa ƙungiyoyi lissafi duk da kyakkyawar niyya aka yanke su, kuma galibi ba a ko yi gardama a kansu ba. An so gyara, gyaran ya haifi abin da ake gudu. Akwai hanyoyin kama irin wannan tun tana kan tabarma, kafin kuɗi ya fita.

Abu na farko, ka ji tsoron taron da kowa ya ce na'am cikin minti biyar. A 1974 wani malamin jami'a a Amurka, Jerry Harvey, ya ba da labarin abin da ya faru a gidan surukansa a garin Coleman na jihar Texas. Su huɗu suna zaune a inuwa, zafi ya kai digiri 40, sai surukin ya ce ko a tafi garin Abilene a ci abinci. Tafiyar mil 53 ce, kusan kamar daga nan zuwa Illela, cikin mota marar na'urar sanyi, ga ƙura. Matar Harvey ta ce ya yi, shi ma ya ce to, surukuwar ta ce ai ta daɗe ba ta je ba. Suka je, abincin bai yi daɗi ba, suka dawo bayan awa huɗu a jigace. Da aka fara magana sai ta bayyana babu ko mutum ɗaya da ya so tafiyar, har wanda ya kawo ta, shi ma ya faɗa ne don yana zaton zaman ya ishe su. Duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu ya san irin azabar da suka saya wa kansu.

A wajenmu abin ya fi haka sauƙin faruwa, saboda kunya. Yaro ba ya musu da sa'an mahaifinsa a bainar jama'a, kuma wanda Alhaji ya ranta wa kuɗin taki bara ba zai ɗaga hannu ya ce shawarar Alhaji ba ta yi ba. Tarbiyya ce mai kyau, ban ce a zubar da ita ba. Sai dai ka tsara taron yadda mutum zai faɗi ra'ayinsa ba tare da ya ci fuskar kowa ba.

Ka fara aikin kwana biyu ko uku kafin taro. Bi mutane ɗaya bayan ɗaya, a bakin gona ko wajen mai shayi bayan Isha'i. Kada ka tambaye shi ko ya yarda da shawarar shugaba, domin amsar tana cikin tambayar. Ce masa: da kuɗin nan naka ne kai kaɗai, me za ka yi da su? Ranar taro kuma a juya tsarin magana, ƙanana su fara, dattawa su biyo, shugaba ya rufe. Da zarar shugaba ya riga kowa buɗe baki, sauran taron addu'a ce kawai.

Sannan a naɗa mai suka. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya yi wani gwaji a 1951: ana nuna wa mutane layuka a takarda su faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo, abin da ko yaro zai gane. Amma sauran da ke ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar ƙarya. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya. Abin da ya fi amfanarmu a gwajin shi ne, da aka sa mutum ɗaya tak ya saɓa wa jama'a, bin ayarin ya ragu ƙwarai. Don haka a kowane taro ku ɗora wa mutum ɗaya aikin nemo aibin shawara, a riƙa zagayawa da shi. Tunda aiki aka ba shi, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya.

In maganar ta shafi kuɗi mai yawa, a bar ɗaga hannu. Mu ƙwallon dabino muke amfani da shi. Ana ajiye ƙwarya biyu a bayan zana, kowace an rufe ta da faifai, ta dama eh, ta hagu a'a. Kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa nasa. Ba a bukatar boko ko ajami. Akwai lokacin da aka kawo shawarar mu sayi tsohuwar a-kori-kura don kai albasa kasuwar Ramin Kura, a baki kowa ya ce Allah ya sa albarka. Da aka juye ƙwaryar hagu a kan tabarma sai da wurin ya yi tsit. Dattijon da ya kawo maganar ya dubi tulin, ya yi dariya ya ce, "Wallahi don ku nic ce haka, na aza ita kuka so. Ni wa zai ba ni kuɗin gyaran mota?"

Wuri na biyu da ake faɗawa rami shi ne lada da tara. A 1902 Turawan Faransa da ke mulkin birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam sun rasa yadda za su yi da ɓeraye, waɗanda suka sami gida a sababbin magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa, ga tsoron annoba. Sai suka sa lada, duk wanda ya kawo wutsiyar ɓera a biya shi. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa, lissafi ya yi kyau a takarda. Daga baya aka fara ganin ɓeraye guntaye suna yawo a gari: ana yanke wutsiya a saki ɓeran ya je ya hayayyafa. Har aka gano masu kiwon ɓera a bayan gari. Masanin tattalin arzikin Ingila Charles Goodhart ya yi nuni da irin wannan a 1975, cewa ma'auni yana daina faɗin gaskiya da zarar an mai da shi abin da ake hanƙoron cimma.

Ga yadda za ka gwada naka tsarin. Kafin ka sanar da kowace lada, zauna ka zama ɓarawon kanka: da ni ne zan karɓi kuɗin nan, yaya zan same shi ba tare da na yi aikin ba? In ka sami amsa cikin minti ɗaya, wani zai same ta cikin rabin minti. Ɗauki tsintar albasa kafin a zuba a rudu, wato ma'ajiyar albasa. Ka biya 'yan ƙwadago a kan kowane buhun mai kyau, sai mai tabo ta bi cikin buhu, ita kuwa guda ɗaya tana iya jan na kusa da ita su ruɓe. Ka juya ka biya a kan kwandon ruɓaɓɓiya da aka fitar, sai lafiyayya ta koma kwandon, da yamma kuma ta bi wani gida. Ba don yaran miyagu ba ne, abin da ka sa wa farashi shi suka kawo maka. Abin da muke yi yanzu: kuɗin wuni a tsaye, sannan mai kaya ya nuna buhu biyu ko uku da hannunsa, ba wanda aka miƙo masa ba, a zazzage a ƙasa a duba har gindi. Ƙarin lada kuma sai ranar da aka buɗe rudu aka ga abin da ya rage, domin a nan ne ainihin aikin yake fitowa.

Tara ma tana juyawa. Wasu masana biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, sun wallafa bincike a 2000 kan gidajen rainon yara guda 10 a birnin Haifa na ƙasar Isra'ila. A wasu daga cikinsu aka sa 'yar tara ga iyayen da suka makara wajen ɗaukar 'ya'yansu. Makarar ta ƙaru, ta kusa ninkawa. Da can uba yana jin nauyin malamar da ya tsayar, da tara ta zo sai ya ɗauke ta kuɗin aiki, ya biya ya huta. Da aka janye tarar ma makarar ba ta koma yadda take ba. Wannan ne ya sa nake adawa da tarar naira 200 ko 500 ga mai makara a taro. Mai hali zai ajiye ta yana murmushi, ka sayar masa da kunyarsa da arha. Ku fara taro a kan lokaci ko da mutum biyar ne, wanda ya makara ya tarar an wuce, in ana rabon kwanakin injin ban ruwa sunansa ya zo a ƙarshe.

Tunda na ambaci inji, bari in ƙare da shi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawa a fadamunmu sun koma famfon sola, kuma ya taimaka. Amma tun 1865 wani masanin tattalin arzikin Ingila, William Stanley Jevons, ya lura cewa da aka ƙera injinan da ba su cin gawayin kwal da yawa, kwal ɗin da Ingila take ƙonawa ƙaruwa ya yi, domin aiki da shi ya yi arha, kowa ya shiga. Da injin fetur, aljihunka ne yake kashe maka shi. Sola ba ta da mai tsawata mata, tun hantsi har la'asar ruwa yana zuba, mai fangali 100 ya ƙara wasu, rijiyar maƙwabci ta fara jan iska, albasa kuma ba ta son ruwa ya kwanta mata. Don haka in ƙungiya za ta sayi famfon, a rubuta dokarsa tun bai iso ba: awa nawa kowa zai samu, fangali nawa aka yarda mutum ya ƙara a kakar farko, da wanda zai riƙa auna zurfin ruwan rijiya da igiya duk Juma'a yana kawo wa sakatare. A ƙasan shafin a sa ranar da za a sake zama a kan dokar, kafin a zuba irin shekara mai zuwa.