Babban allon kwamfuta da rubutun da ya ƙi fitowa tangaran

Wani abokin aikina ya ajiye allonsa mai inci 24 ya sayo mai inci 32, wai idanunsa sun gaji da ƙananan haruffa. Mako bai zagayo ba ya fara ƙunƙuni: haruffan sun ƙara girma kam, amma gefensu ya yi kaca-kaca kamar an yanka da tsohon almakashi.

Abin da bai duba ba shi ne yawan ɗigon allon. Kowane harafi da ƙananan ɗigo ake gina shi, waɗanda ake kira fiksel. Allunan nasa biyu duk ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye ne, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. A kan inci 24, kusan ɗigo 92 ne ke cikin kowane inci. Da aka shimfiɗa su a kan inci 32 sai suka koma kusan 69, ido ya fara ganinsu ɗai-ɗai. A ganina, daga inci 27 zuwa sama, 1080 ya yi kaɗan ga mai wuni yana karatu. A nemi 2560 da 1440, wanda ke ba da kusan 109 a inci 27.

Akwai kuma masu faɗawa ɗaya ramin. Mutum ya sayi allon 4K, wato mai ɗigo 3840 da 2160, mai inci 27, ɗigo kusan 163 a inci, ya kunna, rubutu ya koma kamar ƙwayar gero. Sai ya shiga saiti ya rage yawan ɗigon don haruffa su girma. Nan ne ɓarnar. Allon zamani adadin ɗigonsa ɗaya ne tak, wanda aka ƙera shi da shi. In ka ba shi wani adadin, dole ya miƙe hoton ya cike giɓi, komai ya yi dishi-dishi. Ka bar shi a kan adadinsa na asali, ka ƙara girman rubutu da kaso cikin ɗari a saitin allo na Windows: 125 ko 150. Shafin intanet kuwa, Ctrl da alamar tarawa sun wadatar. In har yanzu gefen haruffa bai yi maka ba, nemi ClearType, saitin Windows mai gyara gefen haruffa, ka bi matakansa, aikin minti biyu ne.

Nisa ma ana mantawa da shi. Miƙa hannunka, yatsunka su kusa taɓa allon, kimanin santimita 50 zuwa 70, babban allo kuma a ƙara ja da shi baya. Saman allon ya zo daidai ido ko ƙasa kaɗan.

Sannan leƙa bayan kwamfutar. In tsohuwar wayar VGA mai shuɗin kai ce ta haɗa ta da allon, ita ma tana dusashe rubutu. Canja ta da HDMI ko DisplayPort kafin ka ɗora wa allon laifi.