Kurakuran da sababbin 'yan sa-kai ke yi wajen karɓo kayan lambu na tallafi

Duk sanda aka samu sababbin 'yan sa-kai masu karɓo kayan lambu daga hannun manoma da masu shaguna zuwa rumbun tallafin abinci, kurakuran nan dai su ne ake maimaitawa. Na gaji da yi wa mutane gyara ɗaya bayan ɗaya a bakin mota, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mafi muni shi ne karɓar kaya ba ka san ranar rabo ba. Wannan ya taɓa ƙona ni. A shekarata ta farko wani manomi ya kira ni da yamma, ya ce tumatir ya yi masa yawa, in zo in kwashe. Ban nemi shawarar kowa ba, na loda kiret 12 a mota. Ina isa na tarar an rufe rumbun, rabo kuma sai bayan kwana uku. Tumatir ya kwana a mota, ya kuma wuni a rana. Da na buɗe, ruwa na ɗiga ta gindin kiret, na ƙasa duk sun fashe, fumfuna ta fara yi musu fari. Kiret 4 kacal muka tsira da su. Har yau abin na ci mini rai, domin gumin mutum ne aka damƙa mini amana, ga kuma gidajen da suke jira. Kayan lambu ko bayan an tsinke shi yana ci gaba da numfashi, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin numfashin sau biyu ko fiye, lalacewa ta biyo baya. Yanzu ba na tada mota sai na kira mai kula da rumbu na ji yaushe ne rabo, ko akwai wuri a firji, da wanda zai tarbe ni. In ban samu amsa ba, sai in ba mai kyautar haƙuri mu sa wata rana.

Sai kunya. Don Allah ku daina kwaso ruɓaɓɓen kaya wai don kada mai bayarwa ya ji babu daɗi! Wa za ku kai wa? Wanda ya zo layin tallafi mutum ne mai daraja, abin da ba za ka zuba wa 'ya'yanka a tukunya ba kada ka miƙa masa. Kuma wake ɗaya ke ɓata gari, lemo ɗaya mai fumfuna zai shafa wa na kusa da shi. Ni a gaban mai kaya nake tantancewa, cikin ladabi. Karas mai lanƙwasa ko tuffa mai ɗan tabo duk ina ɗauka, muni ba lalacewa ba ne. Wanda ya yi laushi yana tsatsafo da ruwa, ko yake wari, a nan nake barinsa. Haka dankalin turawan da ya yi kore sosai, domin hasken da ya sauya masa launi yana ƙara masa wata guba mai suna solanin.

Wani abin da mutane ba su sani ba: tuffa da ayaba da nunannen tumatir suna fitar da iskar etilin, mai hanzarta nunar kayan lambu. In ka cusa su wuri ɗaya da latas sai ya yi ɗigo-ɗigon ja, kokwamba ta yi rawaya, karas ya yi ɗaci. Ni kiret daban nake ba su, ko da tafiyar gajeriya ce.

Ba komai ake jefawa firji ba. Ganye na son sanyi sosai, amma ayaba in ta sauka ƙasa da digiri 13 ɓawonta baƙi yake yi, tumatir kuma ya rasa ɗanɗano.

Kada a wanke kafin a ajiye, danshi ke kiran ruɓa. Mai nauyi a ƙasa, ganye a sama. Kada a ɗaure ganye a leda a bar shi a rana. Yankakkiyar kankana ba na karɓa sai ina da kula mai ƙanƙara a ciki, domin digiri 5 ko ƙasa da haka take buƙata.

In ka ce wa mai kyauta ƙarfe 8, ka zo ƙarfe 8, tun da safe ya fito da kayan yana jiranka. Ka kuma mayar masa da kiret ɗinsa a wanke.